Tambaya da Amsa: Yaya Ake Cewa "An Kama Ɓarawo" da Turanci?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon, da yawansu a kan abu ɗaya suka taru, wato abin da littattafan Turanci ke kira "active voice" da "passive voice". Mu a nan za mu ce jimla mai aikau a gaba da jimla mai karɓau a gaba, domin bambancin ke nan: wa aka fara ambata, wanda ya yi aikin ko wanda aikin ya faɗa wa. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta WAEC. Malaminmu ya ba mu jimloli goma mu juya, uku kawai na ci. Na haddace cewa ana sa "was" da "by", amma sai ya rubuta mini cewa na canja lokaci. A ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Haddar ce ta yaudare ki. "Was" ɗaya ce kawai cikin sigogi takwas na aikatau "be", wato be, am, is, are, was, were, being da been. Wanda ya riƙe "was" kaɗai, duk jimlar da aka ba shi sai ya ja ta zuwa jiya, ko da aikin na gobe ne.

Ɗauki wannan: "The secretary writes the letters." Ki fara gano aikatau, shi ne "writes". Sai ki tambaya, me ake rubutawa? Amsar ita ce karɓau, "the letters". Ki ɗauko shi ki kawo gaba. Daga nan asalin aikatau ya koma siga ta uku, wadda malamai ke rubutawa V3 a allo: write, wrote, written. Zai zauna a "written" ɗin nan ba ya motsi ko wane lokaci ne. To wa zai ɗauki lokacin? "Be" ne. Duk rigar da aikatau ya tuɓe, "be" ke sa ta. Idan aikatau yana "writes", "be" ya zama "are": "The letters are written." Idan "wrote" ne, sai "were written". Idan "is writing" ne, tunda akwai wutsiyar -ing, sai "be" ya ɗauke ta ya zama "being": "are being written". Idan "has written" ne, siga ta uku ce, ta "be" kuwa "been": "have been written". Bayan will, can, must da should kuwa "be" tsurarsa yake zuwa: "will be written", "must be written". Haka "should have written" ke komawa "should have been written".

Ki lura da abin da ya faru a hanya. Sakatare mutum ɗaya ne, wasiƙu kuwa da yawa, shi ya sa "is" ta koma "are", "has" ta koma "have". Aikatau da wanda ke gaba yanzu yake tafiya, ba da wanda aka tura baya ba. Nan maki ke zubewa sosai. Wakilin suna ma yana canja kama: "He beat them" sai ta zama "They were beaten by him."

Sai tagwayen da ke rikita kowa, "been" da "being". A bakin yawancinmu duk "bin" suke fita, don haka kunne ba zai taimake ki ba. Ki dubi maƙwabcin da ke gabansu. In has, have ko had ne, "been". In am, is, are, was ko were ne, "being". Ba a cewa "has being written", ba a kuma cewa "is been written". Siga ta uku kuma ba ta da dabara sai hadda: caught ba catched ba, stolen ba stole ba, taken, eaten, chosen, torn. Idan kika ci karo da irin "has been writing", kada ki wahalar da kanki. Juya ta zai ba da "have been being written", wadda su kansu masu harshen ba kasafai suke furtawa ba.

Tambaya daga wani malamin ƙaramar sakandare a Gusau: Kullum ina gyara wa ɗalibaina "The accident was happened" da "My grandfather was died". Na gyara yau, gobe su maimaita. Daga ina wannan ke fitowa?

Amsa: Malam, yaran nan ba shirme suke yi ba, Hausa suke yi da kalmomin Turanci. Bahaushe in bai san wanda ya yi abu ba, ko ba ya son faɗa, yana da "an", "aka", "ana", "akan" da "za a". Sau da yawa kuwa suna dacewa da jimlar Turanci mai karɓau a gaba kamar an auna. "Ana gyara hanya" ita ce "The road is being repaired." "Za a gyara" ita ce "will be repaired". "Ya kamata a gyara" ita ce "should be repaired". "An gyara" kuwa tana iya zama "was repaired" ko "has been repaired", gwargwadon ko an ambaci ranar ko ba a ambata ba. Tsani ne mai kyau, ka yi amfani da shi a aji. Amma yana da wurare uku da yake karyewa.

Na farko shi ne wanda ka kawo. "An" ɗinmu ba ta zaɓen aikatau. Muna cewa an zo, an tafi, an kwana, an yi ruwa, an yi rasuwa, an yi haɗari. Yaro ya saba cewa duk inda ya ji "an" a ransa sai ya sa "was", to "an yi haɗari" me zai hana ta zama "was happened"? Turanci kuwa ba ya juya jimla sai akwai karɓau da za a ɗauko a kawo gaba. A nahawun Hausa muna da aikatau so-karɓau da aikatau ƙi-karɓau, kuma rabon nan yana nan a Turanci. Happen, occur, die, arrive, come, sleep, fall da disappear duk ƙi-karɓau ne. Don haka "The accident happened", "My grandfather died". Idan kashe shi aka yi, to nan akwai mai yi da wanda aka yi wa: "He was killed." Ina zargin "was born" ma tana da hannu a cikin "was died", domin yaro ya koyi "I was born in Gusau" tun yana firamare, sai ya ɗauka haihuwa da mutuwa tafiyarsu ɗaya. Alhali haihuwa wata ce ta yi maka, shi ya sa mu ma muke cewa "an haife ni", ba mu cewa "an mutu ni".

Ga gwajin da za ka iya yi cikin minti goma. Rubuta aikatau goma a allo, a gauraye. Kowane ɗaya yara su fassara shi, su sa masa "me?" ko "wa?" a baya. Ya ci me? Ya kama wa? Waɗannan sun zauna. Ya mutu me? Ya faru me? Aji da kansa zai yi dariya, kuma dariyar ita ce darasin. Ka kuma nuna musu cewa ƙamus na masu koyon Turanci yana nuna wannan a gefen kowane aikatau, wani da harafin T ga so-karɓau da I ga ƙi-karɓau, wani da cikakkiyar kalma. Akwai 'yan tsiraru masu karɓau da duk da haka ba sa juyuwa, irin su resemble, lack, suit, da have ta mallaka. Ba a cewa "A car is had by my uncle."

Na biyu, a "an kama shi", kalmar "shi" tana nan a bayan aikatau ba ta gusa ba. A Turanci dole ta tashi ta koma gaba ta zama aikau: "He was arrested." Yaron da bai gane wannan ba shi ke rubuta "It was arrested him."

Na uku, "an" ba ta yarda a ambaci mai aikin. Da zarar ka san 'yan sanda ne, sai ka ce "'yan sanda sun kama ɓarawo", ko "ɓarawon, 'yan sanda ne suka kama shi". Turanci kuwa yana iya laƙa mai aikin a ƙarshe da "by". Tunda ba mu da takwararta, yara sai su kama "da" su mayar da ita "with". Ka ba su jimla ɗaya mai ɗauke da duka biyun su haddace: "The ram was slaughtered by the butcher with a sharp knife." Mahauci "by", wuƙa "with". Wanda ya rubuta "was slaughtered with the butcher" ya haɗa rago da mahauci ya yanka. Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi Faransanci za su ga cewa "on" ta Faransanci ta fi kusa da "an" ɗinmu fiye da duk abin da Turanci ke da shi.

Tambaya daga wani ma'aikacin ofis a Kaduna: Ni ke rubuta bayanin taro da wasiƙu. Duk lokacin da na sa rubutuna a manhajar duba rubutu ta Grammarly sai ta ja layi a ƙarƙashin jimloli masu karɓau a gaba. Shin kuskure ne amfani da su?

Amsa: Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Manhajar tana ganin "be" da siga ta uku ne ta ja layi, ba ta san abin da kake nufi ba. Akwai wuraren da jimla mai karɓau a gaba ce daidai. In ba a san mai aikin ba: "The office was burgled last night." In saninsa ba ya ƙara komai: "Ahmadu Bello University was established in 1962." In kowa ya san shi: "The suspect was sentenced", wa zai yanke hukunci in ba alƙali ba? Shi ya sa masu nazarin nahawun Turanci suka lura cewa kusan huɗu cikin biyar na irin waɗannan jimloli ba su ɗauke da "by" sam. Ɗalibai su ji wannan: "Someone stole my phone" tana komawa "My phone was stolen" ne kawai, "by someone" kaya ne marar amfani.

Akwai kuma amfani na huɗu da ba a cika koyarwa ba, wato riƙe zaren magana. In sakin layinka a kan maganin penisilin yake, "It was discovered by Alexander Fleming in 1928" ta fi dacewa, domin ta fara da abin da mai karatu ya riga ya riƙe, ta ƙare da sabon labari. In kuwa tarihin Fleming kake bayarwa, shi za ka sa a gaba.

Inda manhajar ke da gaskiya shi ne wajen ɗora alhaki. A bayanin taro, "It was agreed that the borehole should be repaired" ta yi kyau a ido, amma wa zai gyara, yaushe? Bayan wata uku kowa zai ce ba shi aka ce ba. Rubuta "The works officer will repair the borehole before the end of March." 'Yan siyasa sun daɗe da sanin wannan maɓoya. A 1987, da shugaban Amurka Ronald Reagan yake magana a gaban majalisa kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, cewa ya yi "serious mistakes were made". An yi manyan kurakurai. Wa ya yi? An dai yi.

Tambaya daga wani mai shirin JAMB a Bauchi: Waɗanne ne tarkunan da ya kamata in kiyaye?

Amsa: Huɗu za mu ba ka, ɗana. Aikatau mai karɓau biyu, irin su give, send, teach da offer, yana juyuwa ta hanya biyu. "The principal gave Amina a prize" tana zama "Amina was given a prize" ko "A prize was given to Amina". Duka daidai ne, ta farkon ta fi yawa a bakin masu harshen, ta biyun kuma kada ka manta da "to". Aikatau mai jela ba ya yar da jelarsa: "They looked after the orphans" sai "The orphans were looked after", haka "was laughed at" da "was called off". "Make" ba ta ɗaukar "to" in aikau ne a gaba, amma da an juya sai ta fito: "They made him kneel" ta koma "He was made to kneel". Tambaya kuma tambaya take zama. "Who broke the window?" ta zama "By whom was the window broken?" a rubutun jarrabawa, ko "Who was the window broken by?" a hira. Kada ka rubuta "By whom the window was broken?", domin "was" dole ta riga "the window".

Tambaya daga wata mai fassara a gidan rediyo: "The shop was closed" yaya zan fassara ta? Abokin aikina ya ce "an rufe shagon", ni kuma na ce "shagon yana rufe".

Amsa: Hajiya, ku duka biyu kuna iya yin daidai, jimlar ce mai fuska biyu. Turanci ya haɗa aiki da yanayi a siga ɗaya, Hausa ta raba su. Abin da ke kewaye da jimlar shi zai raba gardama. "The shop was closed by health officials on Monday" aiki ne da ya auku, don haka "jami'an lafiya sun rufe shagon ranar Litinin". "When we got there, the shop was closed" yanayi ne da aka tarar, don haka "da muka isa, shagon yana rufe". In kina shakka, gwada sa "got" a madadin "was". "The shop got closed" aiki kaɗai take nufi, ba ta ɗaukar ma'anar yanayi.

Kada kuma ki manta da makami na uku da Hausa ta ba ki, aikatau mai ƙarewa da -u: gyaru, dafu, ɗinku, karantu. "The engine cannot be repaired" ba sai kin ja ta zuwa "ba za a iya gyara injin ba". "Injin ba ya gyaruwa" ta fi gajarta, kuma ita makanikin da kansa zai faɗa wa mai mota.