Me ya sa alƙalan gasar kek ke korar wanda masu kallo suka fi so?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina yin kek da cincin na sayarwa a gida, kuma tun da ƙanwata ta nuna mini gasar gashin nan ta Ingila, The Great British Bake Off, na kamu da kallonta. Kwanan nan na kai zangon 2021, har yanzu raina a ɓace yake da korar da aka yi wa Jürgen, Bajamushen nan, ana saura mako ɗaya a yi zagayen ƙarshe. Na duba intanet na ga ashe ba ni kaɗai ba ce, Turawan ma sun yi ta kumfar baki. Maigidana ya ce duk shiri ne, tun farko an san wanda za a ba. Ke da kika daɗe kina koyar da wannan sana'a, da gaske akwai son kai a hukuncin? Kuma me ya hana a bar masu kallo su yi zaɓe ta waya kamar yadda ake yi a gasar waƙa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya kawo kasuwa.

Maganar zaɓe ta waya ita ce mai sauƙi, bari mu sallame ta tukuna. Duk abin da kike gani a shirin nan an gama shi da watanni kafin ya iso talabijin. Ana ɗaukarsa ne lokacin bazarar Ingila, kwana biyu a kan kowane kashi, cikin wani ƙaton tanti da ake kafawa a filin wani tsohon gida mai suna Welford Park a yankin Berkshire. Zangon da kika kalla ma, da na 2020, annobar korona ta sa an killace su gaba ɗaya a wani otal a Essex aka gama cikin 'yan makonni. Ranar da mutane ke cizon yatsa a kan wanda aka kora, shi ya daɗe da komawa bakin aikinsa, bakinsa a ɗinke. A 2017 Prue Leith, ɗaya daga cikin alƙalan a lokacin, tana ƙasar Butan bambancin agogo ya rikita ta, ta taya Sophie Faldo murnar cin gasa a Twitter sa'o'i kafin a nuna zagayen ƙarshe. Ta yi maza ta goge, amma magana zarar bunu ce.

Ko da kai tsaye ake yi, ni ba zan goyi bayan zaɓen ba. Mawaƙi idan ya buɗe baki, abin da ya shiga kunnen alƙali shi ne ya iso kunnenki a falo. Kek kuwa launinsa da tsayinsa da adonsa kawai ke ƙetaro gilashi. Gani ba ci ba ne. Ke ma shaida ce: sau nawa aka kawo kek wajen biki, an lulluɓe shi da ado har ana jin tausayin sa masa wuƙa, da aka yanka sai a nemi lemo a kora don bushewa? Masu hoto sun yaba, waɗanda suka ci sun yi shiru.

Lura da abin da Paul Hollywood, ɗayan alƙalin, ke yi idan aka ajiye masa burodi. Mutumin nan ɗan mai gidan burodi ne, a cikin fulawa ya tashi. Yakan yanka tsakiya, ya danna da babban yatsa. In wurin ya dawo, ya gasu. In ya lotsa ya zauna kamar kwaɓi, ciki ɗanye ne komai kyan bayansa. Yana duba ramukan ciki: in sun matse ƙwarai kuma gefen burodin ya tsage, ba a bar kwaɓin ya tashi sosai ba, in manyan ramuka sun taru a sama kuma kan ya rufta, an bar shi ya wuce lokaci har yis ya gaji. Kek mai tauri kamar roba, an buga shi fiye da kima bayan zuba fulawa. Yakan kifa ƙasan fai ya ƙwanƙwasa ya ji ko ruwan abin da aka zuba ya jiƙa shi. Wasu daga cikin waɗannan kyamara na nuna miki na daƙiƙa biyu. Amma ɗacin sukarin da ya ƙone, ko ruwan wardi da ya yi yawa har ya koma ɗanɗanon sabulu, ko gishirin da aka manta, babu kyamarar da za ta kawo miki su.

Yanzu ga Jürgen Krauss. Nima na so shi, mutum ne mai natsuwa, yana aiki da lissafi kamar yana ɗakin gwaje-gwaje. Sau uku ya zama tauraron mako a zangon, wato wanda alƙalai suka zaɓa a matsayin gwanin makon. Abin da ke tada wa masu kallo hankali shi ne ƙa'idar gasar: ba a tara maki. Kowane mako gwaji uku ake yi. Na farko abin da mutum ya ƙware a kai a gidansa, na biyu girkin da alƙalai suka zaɓa ba tare da sanarwa ba kuma da taƙaitaccen bayani, na uku babban aikin kece raini. A kan waɗannan ukun ake yanke hukunci, abin da mutum ya yi makonni takwas da suka wuce ba ya cetonsa sai dai in an yi kunnen doki. A zagayen kusa da na ƙarshe mutum huɗu suka rage, kuma babu wanda ya yi ɓarna. A gwajin farko Paul ya miƙa wa Giuseppe da Crystelle da Chigs hannu, musafahar da yake yi wa wanda aikinsa ya burge shi, ya tsallake Jürgen. Jürgen ya zo na ɗaya a gwaji na biyu, amma a na uku alƙalan suka ga nasa bai kai na sauran burgewa ba. Dole ɗaya ya tafi. Mutum 115 suka kai ƙara hukumar Ofcom mai sa ido kan gidajen talabijin na Biritaniya, kamar an yi musu sata. A ganina ba a zalunce shi ba, ya dai gamu da makon da ƙwarewa kaɗai ba ta isa ba. Ko ƙa'idar rashin tara makin tana da kyau, wannan wata muhawara ce, kuma ina da ja a kanta: sana'armu ana auna mutum ne da yadda hannunsa bai canzawa daga yau zuwa gobe.

Ki gaya wa maigida, da girmamawa, cewa hujjarsa tana da rauni. In da masu shirin suna tsara sakamako don faranta wa jama'a, ai Jürgen ne na ƙarshen da za su saki. A gwaji na biyu alƙalai ba sa cikin tantin, sai an gama a jera faranti su shigo su ɗanɗana ba su san na wane ne ba. A 2014 Richard Burr ya zama tauraron mako har sau biyar, kowa ya sallama masa, ranar ƙarshe Nancy Birtwhistle ta doke shi. A 2019 David Atherton ya ci gasar bai taɓa zama tauraron mako ko sau ɗaya ba. Kyautar kanta ba kuɗi ba ce, farantin gilashi ne na ɗora kek da damin furanni. Ribar tana zuwa ne daga baya, ta littattafan girki da shirye-shiryen talabijin, kuma wannan ba sai wanda ya zo na ɗaya ke samu ba.

Irin wannan zargi an yi wa Nadiya Hussain a 2015. Musulma ce mai hijabi, haifaffiyar Luton, iyayenta 'yan asalin Bangaladash. Da ta ci, a gaban masu kallo kimanin miliyan 15, wasu marubutan jaridu suka ce don a nuna ba a wariya aka ba ta. Wanda ya bi zangon ya san ta fara da tuntuɓe, ta dinga gyarawa har ta zama tauraruwar mako sau uku kafin ranar ƙarshe. Shekara ɗaya bayan nan ita aka ba aikin kek ɗin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 90. Waɗanda suka yi zargin, ko loma ɗaya ba su ci ba.

Inda maigida ya kusa gaskiya shi ne wajen tace hoto. Aikin kwana biyu, da kyamarori da yawa, ake matsewa ya koma awa ɗaya da 'yan mintuna. Wani ne ya zauna ya zaɓi wace fuska za ki gani, wane tsaki za ki ji, wace magana ta alƙali za a bari. Ba sa canza hukunci, amma su ke gina miki wanda za ki so da wanda za ki tsana. Misali mafi muni ya faru a 2014, lokacin shirin yana BBC. An sa su yin Baked Alaska, wato askirim a kan kek, a rufe da farin ƙwai da aka buga da sukari sannan a babbaka bayansa. Ranar ana zafi. Aka nuna wata dattijuwa, Diana Beard, ta ciro askirim ɗin Iain Watters daga firiza, aka nuna ya narke, Iain ya fusata ya juye komai a kwandon shara, ya kawo wa alƙalai kwandon. Aka kore shi. Ƙasar ta ɗauka, ƙorafi sama da 800 ya isa BBC, aka yi ta zagin matar nan a intanet. Sue Perkins, mai gabatar da shirin wadda tana cikin tantin, ta fito ta ce askirim ɗin daƙiƙa 40 kawai ya yi a waje. Duk wadda ta taɓa yin askirim ta san wanda ya daskare da gaske ba ya zama ruwa a daƙiƙa 40. Kuma abin da ya kori Iain shi ne bai bar wa alƙalai abin ɗanɗanawa ba. Da ya kawo kek ɗin da farin ƙwan, da an sami abin dubawa. Ina gaya wa ɗalibaina kullum, ko ya rushe ki ɗora a faranti. A 2020 ma an maimaita irin wannan cin mutunci a kan Laura Adlington don ta kai zagayen ƙarshe an kori Hermine, har Paul ya fito ya tsawatar.

To amma kada ki ɗauka ina cewa masu kallo su yi shiru. Akwai abin da idonki ke gani sarai kamar na alƙali, wato aikin da aka ɗora wa mutane da lokacin da aka ba su. Nan ra'ayin jama'a yana da nauyi, kuma sau da yawa su ke da gaskiya. Man da ke cikin cakulan yana narkewa ne a wajen digiri 34, bota ma kusan haka. Ke da kike yi wa kek ado a Zariya cikin watan Afrilu ba sai an yi miki bayani ba. Idan aka tara mutane a tanti ba na'urar sanyaya ɗaki, ga oben a kunne ta ko'ina, aka ce su gina kek na askirim ranar da ake tsananin zafi kamar yadda aka yi a 2020, ba gwanintarsu ake aunawa ba, narkewar ake so a ɗauka. Haka burodin da ke buƙatar tashi sau biyu a ce a gama shi a ƙurarren lokaci: yis ba ya jin ihun mai gabatarwa. A zagayen ƙarshe na 2018 an fitar da su waje su gasa wani burodi mai faɗi irin gurasa a kan wutar itace. Da matan da ke aikin tanderu a Kano aka kira, da an ga aiki, amma waɗannan mutane wata da watanni suna atisaye da oben ne. Masu kallo suka ce wannan wasa da hankali ne, kuma na yarda da su.

Ƙorafin da ya fi tasiri shi ne na makon Meziko a 2022. Masu gabatarwa suka fito da manyan malafuna suna barkwanci, ana karya sunayen abincin, aka kuma sa 'yan gasa yin tako, abin da ko oben ba ya shiga. Kafin nan an yi makon Japan a 2020 inda aka cakuɗa abincin Japan da na Sin. Mutanen waɗannan ƙasashe da masu kallo a Amurka, inda shirin ke Netflix da sunan The Great British Baking Show, suka yi ca. Da zangon 2023 ya zo, masu shirin suka sanar sun daina makon ƙasashe, za su koma kan kek da biskit da burodi da gwaje-gwajen da mai gashin gida zai iya.

Son kai da kika tambaya, akwai wani iri da ban musanta ba. Alƙalan nan mutum biyu ne, harshensu ya saba da abin da suka tashi da shi. Paul bai ɓoye cewa ba ya son garin koren shayin Japan ba, Prue kuma an san ta da son a ji giya a kayan zaƙi, abin da ba ya shiga kicin ɗinmu. Ɗan gasar da ya zo da ɗanɗanon da baƙo ne gare su yana farawa ne da ɗan tudu a gabansa, ko da yake Syabira Yusoff 'yar Malesiya ta haye shi a 2022 da kayan ƙamshin ƙasarsu. Abin da ya fi damuna shi ne musafahar Paul. Ta fara a matsayin yabo na ba-zata, yanzu ta zama kamar maki, alhali Prue a zamanin alƙalancinta ba ta da makamanciyarta. Alƙalai biyu ne a takarda, amma hannun ɗaya ya fi nauyi a idon jama'a. Ranar da ya gaisa da uku ya bar Jürgen, Prue ta yaba abin da Jürgen ya yi, sai dai yabonta baki ne kawai. Tun daga wannan gwajin na farko masu kallo suka ji an riga an ware shi, kuma ina jin rabin fushin da kika gani a intanet daga nan ya taso, ba daga hukuncin da aka yanke washegari ba.