An ce ƙanena ya samu maki 26 a awon waswasi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 27 yana fama da waswasi. Sai ya shafe rabin awa a bakin famfo yana maimaita alwala, har a idar da jam'i. A asibiti an yi masa tambayoyi da Turanci ina fassara masa, aka ce makinsa 26. Anya awon Turawa zai yi daidai a kan Bahaushe? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Da alama an yi amfani da ma'aunin Y-BOCS, wanda Wayne Goodman da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1989. Tambayoyi 10 ne: biyar kan tunanin da ke kutsowa, biyar kan maimaita aiki. Kowace tana da maki 0 zuwa 4, jimilla 40. Daga 24 zuwa 31 ana ɗaukar ciwon mai tsanani ne, kin ga 26 ba abin sakaci ba ne.

Shakkarki tana kan hanya, kuma masu jin Sifaniyanci sun riga mu yin ta. Ba su tsaya kan fassarar baka ba. Sun rubuta fassara, wani daban ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta zame, sannan aka gwada: likita biyu za su ba mutum ɗaya maki iri ɗaya? In aka sake awon bayan 'yan kwanaki, zai tsaya? A 2005 Fullana da abokansa a Sifen sun tantance fassarar wani ma'aunin, OCI-R mai tambayoyi 18. Duk da haka, abin da ya zauna a Madrid sai an sake duba shi a Meziko ko Peru, don harshe ɗaya ba al'ada ɗaya ba ne.

Inda na fi damuwa shi ne fassarar da kika yi. Ba laifinki ba ne, amma wane ƙane ne zai faɗi munanan tunanin da ke zuwa masa cikin salla a gaban yayarsa? Kunya kaɗai ta isa ta rage makin. Ga kuma batun ibada: wanke gaɓa sau uku ba ciwo ba ne. Abin da ake ƙirgawa shi ne ƙarin da tsoro ya tilasta, da awannin da yake ci a rana cikin makon da ya wuce. Wanda bai san alwala ba zai iya cakuɗa su.

In za ku koma, ko sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa da ke Shika ne, ki nemi a haɗa shi da ma'aikaci mai jin Hausa, ke kuma ki jira a waje. A ajiye 26 ɗin a rubuce. Likitoci kan ce magani ya fara kamawa in makin ya sauka da kashi 35 cikin 100, wato a nasa ya koma wajen 17.