Hular kwano ko kwalkwali? Amsoshin tambayoyin masu babur

Tambayoyin da suka taru wannan makon kusan duk daga masu hawa babur suke, kuma yawancinsu sun taso ne daga abin da suke cin karo da shi a kasuwannin intanet. Na haɗa su wuri guda.

Tambaya, daga Zariya: Malam, ina neman abin kare kai a intanet. Wani mai kaya ya rubuta "hular kwano", wani ya rubuta "kwalkwali". Wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun Hausa ne, ɗana, amma ba tsaran juna ba ne. Kwalkwali ya girmi hular kwano da ɗaruruwan shekaru. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko nan Zazzau ɗinku ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke da kwalkwalinsu. Ka lura da rubutun: kwalkwali ne, da harafin k marar lanƙwasa. Ina yawan ganin masu rubuta "ƙwalƙwali", ina jin saboda kunnensu ya saba da "ƙwaƙwalwa". Kusancin aikin biyun bai sa suka zama dangi a furuci ba.

Hular kwano sabuwar ƙira ce, kuma ita ta fi yawo a bakin 'yan jarida da jami'an hanya. Ba na cewa kuskure ce, harshe ya karɓe ta. Amma ni ina da ƙorafi a kanta, kuma tunda ka taɓo ni sai na faɗa. Kwano ƙarfe ne: kwanon ci, kwanon awo, kwanon rufi. Idan ka ce wa mutum hular kwano, abin da ka ɗarsa masa a zuciya shi ne taurin baya ne ke ceton kai, duk abin da aka ƙwanƙwasa ya yi ƙara ya isa. Wannan fahimta ce ta fito fili a watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a Nijeriya. A Kano an ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka, wasu da gwangwanin fenti, wasu da hular magina. Ba duka gangan ba ne, talauci ya taka rawa, tsadar kayan ma ta taka. Amma har cikin masu hali akwai wanda ya yi imani cewa hular magina da ta babur abu ɗaya ne, tunda duka "kwano" ne. Ba ɗaya ba ne. Ta magina an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama ya sami kai. Ta babur an yi ta ne don kan da zai tafi da gudu ya sami kwalta.

Abin da ke ceton mai babur yana ciki ne. Ƙoƙon waje aikinsa ya baza ƙarfin bugun, ya hana abu mai tsini huda kai, ya zame a kan titi. Ƙarƙashinsa akwai farin abin nan marar nauyi mai ɗan tauri, irin wanda ake kewaye sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, sai dai an matse shi fiye da wancan. Shi ne yake murƙushewa idan an faɗi, ya rage saurin da kai zai tsaya, don kada ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai daga ciki. Soson da ke taɓa kumatu na jin daɗi ne kawai.

Magabatanmu sun san wannan hikima, shi ya sa nake son kalmominsu. Lifidi daga Larabci yake, daga libd, wato gashi ko ulu da aka danne ya yi kauri. Riga ce ta doki da mahayi da ake cusa wa auduga a ɗinke. Ba tauri gare ta ba, shanye sara da harbi take yi. Barden da ya san lifidi ba zai taɓa yarda ƙarfe tsura ya ishe shi ba. Don haka ni kwalkwali nake cewa, kuma shi nake koya wa ɗalibai. Kai ka faɗi wanda ka ga dama, amma in za ka saya, ka nemi mai kaya ya nuna maka cikinta.

Tambaya, daga Maraɗi: Mu nan "moto" muke cewa, ku kuna cewa "babur". Daga ina babur ta samo asali?

Amsa: Moto daga Faransanci. Babur kuma ta biyo ta Larabci, inda babur ke nufin jirgin ruwa mai tururi ko injin, su ma Larabawa daga Turai suka aro ta. Kowanne ka faɗa Bahaushe ne kai.

Tambaya, daga Kaduna: Na ce wa yayana zan sayi hular kwano mai araha saboda ƙarfina ke nan, sai ya ce "araha ba ta ado". Ke nan mai ƙaramin ƙarfi ya haƙura?

Amsa: A'a, kada ka haƙura, kuma ka gaya wa yayanka cikin ladabi cewa ya ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Mutane sun mai da ita kamar tana cewa duk abu mai araha banza ne. Ba haka ta ce ba. Ado ta ambata. Zanen da aka saya da kuɗi kaɗan ba ya fitar da mace a taron biki, wannan gaskiya ne. To kai ado ka fita nema?

A kwalkwalin babur, yawancin abin da ke tada farashi bayan an wuce wani mataki shi ne rashin nauyi, da kyan fenti, da ƙofofin iska, da rage ƙara a kunne, da sunan kamfani. Duk waɗannan ado ne da jin daɗi. Gwajin da ake yi wa mai tsada don a ba ta shaida shi ne dai ake yi wa mai araha. Abin nema shi ne shaidar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ƙarfi a kasuwa ita ce ta ECE, ƙa'ida ta 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda za ka ga an rubuta 22.05 ko kuma sabuwarta 22.06. Ba a bayan hula za ka tsaya ba, ka duba maɗaurin haɓa: akwai ɗan ƙyalle da ake ɗinkewa a jiki, da harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi. Lambar ta ƙasar da ta amince da gwajin ce, ba ƙasar da aka ƙera ba: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya. A jerin lambobin da ke biye, harafin P na nufin an gwada abin kare haɓa, J kuma buɗaɗɗiyar fuska ce. Akwai kuma DOT ta Amurka, wadda a tsarinta kamfani ne da kansa ke shaidar cewa ya cika ƙa'ida, kuma takardar liƙawarta ba ta da wuyar bugawa. Ita kaɗai ba ta isa ka kwantar da hankali ba.

Bari in ƙara da bambancin kalmomi uku da ake cakuɗawa. Araha halin kasuwa ne, kaya sun wadata farashi ya sauka. Rahusa 'yar'uwarta ce, su biyun daga Larabci. Rangwame kuwa alheri ne da mai kaya ya yi maka, ya sauko daga farashinsa. Babu ɗaya a cikinsu da ke nufin rashin inganci. Idan karin magana kake so wadda ta dace da wanda ya ga farashin da hankali ba zai ɗauka ba kuma ya saya, ga ta: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tambaya, daga Kumasi: "Kayan tsaro" ko "kayan kariya"?

Amsa: Kariya. Tsaro na mai gadi ne da soja, kariya kuwa abin da ke shiga tsakaninka da cuta. Kuma don Allah a riƙa sa wasalin nan na tsakiya. Na sha ganin "kayan karya" a tallace-tallace, wanda mai karatu zai iya ɗauka kayan ƙarya ne ko kayan karya ƙashi.

Tambaya, daga Gusau: Mahaifiyata ta ce sayayya a waya "cinikin biri a sama" ne. Me ake nufi?

Amsa: Hajiya ta yi daidai, Allah ya ƙara mata lafiya. Biri yana kan itace, mai sayarwa bai kama shi ba, mai saye bai taɓa shi ba, amma ana ta ciniki. Ana faɗar haka ga duk cinikin abin da bai zo hannu ba. Maganinsa a sauko da birin kafin a ƙirga kuɗi. Ka zaɓi inda ake biya bayan kaya sun iso, ko inda aka rubuta ƙarara cewa ana mayarwa. Ka nemi hoton ainihin kayan da ke wurinsa, musamman ƙyallen maɗauri da cikin hula, ba hoton kamfani ba. Ka ari tef ɗin tela ka auna kewayen kanka daga ɗan saman gira, ka gwada da jadawalin awon wannan kamfanin, domin M na wani ba M na wani ba ne, ko da yake galibi yana kusa da santimita 57 zuwa 58. In ta iso, ka sa ka ɗaure, ka kama bayanta ka ja gaba. In ta fita, ba taka ba ce. Ya kamata ta ɗan matse kumatu.

Tambaya, daga Kano: Mene ne bambancin jabu da algus?

Amsa: Jabu kwaikwayo ne, a yi abu a liƙa masa sunan wani. Algus, wasu su ce algushu, daga Larabci yake, al-gish, kuma shi ne ɓoye aibi a ƙarƙashin kyau. Asalin yadda muka san kalmar shi ne hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ban san wata haja da wannan siffa ta fi dacewa da ita ba kamar hular babur ta banza. Na taɓa saya wa ɗana ɗaya daga wani mai kaya a intanet, ja mai sheƙi, da rubutu kala-kala. Da na ɗaga ƙyallen ciki sai na tarar da ɗan siririn soso irin na katifa, shi ke nan. Ta gari kaurin farin abin nan na cikinta ya kai wajen inci ɗaya, kuma mai rufe fuska duka nauyinta na kusa da kilo ɗaya da rabi. In ka ɗaga ka ji kamar ƙwarya, ka ajiye. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

A nan ne kuma nake jan kunnen masu sayen gwanjo. Riga ta gwanjo ba laifi, takalmi ma haka. Amma kwalkwali sau ɗaya yake aiki. Wanda aka taɓa faɗuwa da shi cikinsa ya riga ya murƙushe, ko da bayansa na walƙiya, kuma hoto ba zai nuna maka ba.

Tambaya, daga Bauci: Abokan aikina 'yan acaɓa suna cewa "tsautsayi ba ya wuce ranarsa", don haka sa hula wahalar da kai ne. Haka maganar take nufi?

Amsa: Ba haka take nufi ba, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an juya ta. Wannan magana ta ta'aziyya ce da jaje. Ana faɗa wa wanda abu ya riga ya same shi don ya daina cin kansa da "da na sani". Ba a faɗar ta kafin tafiya a matsayin izinin sakaci. Bahaushen da ya ce haka shi ne kuma ya ce rigakafi ya fi magani, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bai ga karo tsakaninsu ba. Alƙur'ani a Suratul Anbiya, aya ta 80, ya ambaci koya wa Annabi Dawuda ƙirar sulke a matsayin ni'ima abar godiya. Fiyayyen halitta ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya shiga Makka ranar buɗe ta da kwalkwali a kansa. Wane ne cikinmu ya fi shi tawakkali? Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo ƙididdigar cewa sanya hular babur yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. "Yadda ya kamata" na nufin a ɗaure. Wadda aka ɗora a kan hula zanna maɗauri na lilo, ko aka rataya a madubi sai an hango jami'ai, tana tashi kafin mai ita ya kai ƙasa.

Tambaya, daga Zindar: Bayan hula, me za mu kira sauran kayan, kuma wanne za a fara saya in kuɗi ba su isa duka ba?

Amsa: Safar hannu sunanta safar hannu, ba ta buƙatar sabon suna. Ita ce ta biyu, domin tafin hannu mutum ke fara kaiwa ƙasa; ka nemi ta fata ko mai ƙarin kauri a tafi, mai maɗauri a wuyan hannu, shaidarta ƙa'idar Turai ce mai lamba EN 13594. Sai takalmin da ya rufe idon sawu, ba silifa ba. Rigar da aka cusa wa abin kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya kuwa, shaidarta EN 17092, kuma ga zafin ƙasarku akwai mai raga wadda iska ke ratsawa. Ita ni lifidi nake kiranta.