Filin Tambaya da Amsa: Tankata T-55 ce, za ta iya komawa T-72?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Kadpoly, ina zaune a Tudun Wada. Yayana ya kawo mini tsarabar kwalin haɗa ƙaramar tankar yaƙi, T-55A ta kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/35, wato an rage girman ta gasken sau 35. Ko ɓalle roba ɗaya ban yi ba tukuna. Amma ni wadda raina ke so ita ce T-72, irin waɗanda muka riƙa gani a talabijin sojojinmu na aiki da su a Arewa maso Gabas tun wajen 2015. Tunda duk ƙirar Rasha ce, kuma duk kansu zagayayye ne, ba zan iya sauya mata kama ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka wa yayan naka da alheri, ya iya tsaraba. Amma ajiye rezar nan tukuna, ka ɗauko hoton T-72 wanda aka ɗauka ta gefe, ka ƙirga tayoyin da sarƙa ke bi ta ƙarƙashinsu. Shida ne a kowane gefe, a jere daidai wa daida. Yanzu duba hoton da ke bayan kwalinka. Biyar ne, manya, kuma akwai giɓi tsakanin ta farko da ta biyu. Faɗin tayar T-55 milimita 810 ne, na T-72 kuwa 750, wato a ma'auninmu milimita 23 da kuma 21 da ɗoriya. Ga T-72 akwai wasu ƙananan tayoyi a sama da ke tallabe sarƙa, ita kuwa T-55 sarƙarta a kan manyan tayoyin take kwanciya. Ka ga tun daga ƙafa an raba gari.

Hau sama kuma. Direban T-55 a hagu yake zama, na T-72 a tsakiya. T-55 mutum huɗu take ɗauka, kwamanda na hagu, mai ɗura harsashi na dama. A T-72 na'ura ce ke ɗura harsashi, saboda haka mutum uku ne, kwamanda ya koma dama, ƙofofin saman kan duk sun canza wuri da siffa. Igwar T-55 milimita 100 ce, kumburin da ke zuƙe hayaƙi yana can bakin bututun, ta T-72 kuwa milimita 125 ce, kumburinta yana wajen tsakiya. In ka nace sai ka yi, abin da za ka mora daga kwalin yayanka bai wuce gangunan mai biyu na baya da gungumen iccen da ake ɗaure wa tanka ba. Sauran duka sai ka ƙera da hannunka. Wannan ba sauya samfur ba ne, sabon gini ne, kuma ka yi asarar kwali mai kyau. Tamiya ɗin tana da T-72M1 a wannan ma'auni, a lallaɓa yaya in zai sake dawowa.

Mu da muka tashi muna ganin Fijo 504 tana fitowa daga Kakuri mun san akwai ƙarama, akwai doguwa mai kujera layi uku, akwai a-kori-kura, kuma duk fuska ɗaya ce da su, amma ba wanda ya taɓa yanka 504 ya fitar da Marsandi. Haka abin yake a nan. Tambayar da ake fara yi kafin a taɓa kowane kwali ita ce: gangar jiki da ƙafafun wannan, su wa da wa suka yi tarayya da ita a kansu? A nan kuwa ka yi sa'a, domin da wuya ka sami tankar da ta kai T-55 yawan dangi.

Shawarata, mayar da ita baya, ta zama T-54, ko kuma ƙanwarta ta ƙasar Sin, Type 59, wadda aka kwafa daga T-54A ake ƙera ta a birnin Baotou. Ita T-55 ta fito ne a 1958, gyararriyar T-54 ce: ƙarfin inji ya tashi daga doki 520 zuwa 580, harsasan igwa daga 34 zuwa 43, aka kuma toshe ta yadda za ta jure wa bugun makamin nukiliya. Wannan toshewar ce ta haifar da bambancin da ido ke gani, kuma shi za ka bi.

Babbar alamar T-54 ita ce wani tulluwa kamar kifaffen ƙoƙo a saman kai, ɓangaren dama, gaban ƙofar mai ɗura harsashi. Murfin fankar iska ne. T-55 ba ta da shi. Duk wanda ya san tankoki, idonsa can yake fara zuwa, saboda haka nan za ka zuba ƙoƙarinka. Kada ka yi kirdadon girmansa. Nemi hoton T-54 da aka ɗauka daga nesa, ta gefe sak, domin hoton kusa yana kumbura abin da ke gaba ya ƙanƙance na baya. Buga shi a takarda, ka auna faɗin taya ɗaya da rula. Tunda ka san tayar a samfurinka milimita 23 ce, ka sami abin auna komai da ke cikin hoton. In taya ta ba ka milimita 46 a takarda, to duk abin da ka auna raba shi biyu. Lissafin ƴan firamare ne, amma shi ne ya bambanta aikin da za a gani a gyaɗa kai da wanda za a gani a ce Allah ya ƙara basira.

Shi tulluwan, yanka faifan roba biyu ko uku ka ɗora su kan juna da gam, ka bar su su kwana, sannan ka maƙala su a bakin ƙaramin dirila ka riƙa juyawa a hankali kana goga samfefa har ya zama kamar kifaffen ƙoƙo. A hankali fa, in ya yi zafi narkewa yake yi. Ka bar ɗan rata siriri tsakaninsa da rufin, domin ta nan iska ke wucewa a ta gasken.

Aikin da zai fi ci maka rai shi ne ƙofofi. Harafin A da ke jikin T-55A yana nufin an lulluɓe ta da wani abu mai kare mutane daga tururin nukiliya, shi ya sa ƙofar kwamanda da ta mai ɗura harsashi da ta direba suka yi kauri, suka yi kumatu. T-54 ba ta da wannan. Kafin ka fara kankara, zazzage kwalin ka bi lambobin da ke jikin robobin ɗaya bayan ɗaya, domin kamfanoni kan sa sassa iri biyu a kwali guda, takardar umarni ta ce a yar da ɗaya. Wanda aka ce a yar ɗin sau da yawa shi kake nema. In babu, sai magagari da haƙuri. Riƙa goga kaɗan, ka ɗaga ka gwada da hoto, ka sake goga kaɗan. Abin da ka rage za ka iya ƙara cirewa gobe, wanda ka cire kuwa sai ciko.

Sauran masu sauƙi ne. Huda ƙaramin rami a ƙirjin tankar, wajen tsakiya, inda bindigar gaba take leƙowa, domin an cire ta a T-55A amma T-54 tana da ita. Ɗora babbar bindigar nan DShK mai milimita 12.7 a ƙofar mai ɗura harsashi. In T-54B kake so, bar fitilar ganin dare da ke gefen igwa. In Type 59 ta farko ce, cire ta ka cike gurbin. Tayoyi kada ka taɓa su: T-54 na farko-farko suna da masu zane kamar saƙar gizo, amma da yawa an canza musu zuwa irin na kwalinka daga baya. Rufin inji ma akwai ɗan bambanci, sai dai ga mai fara koyo ni ban ga laifin ya naɗe tamfol ya ɗora a kai ba, sojoji ma haka suke lafta kaya a wurin. Takardar goge hannu da aka jiƙa da farin gam na kafintoci ta isa ta ba ka tamfol mai kyau.

Sai maganar roba, wadda a nan Kaduna ita ce ke kayar da mutane. Gam ɗin haɗa samfur ba manne yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, kuma roba iri guda yake ci, wato folistarin. Juya gindin kowane mazubi ka duba ɗan alwatikan nan mai lamba. In ka ga 6, ko harufan PS, taka ce: gidan faifan CD, wasu kofunan yogot, cokulan roba na biki. Gorar ruwa lamba 1 ce, ba za ta kama ba. Tsohon katin ATM ma ba zai kama ba sai da sufa gulu. Wayar tagulla ta yin marikai da bututun mai kuwa, leƙa Panteka wajen masu naɗin koyil, abin da suke sharewa da yamma ya ishe ka shekara.

Abu ɗaya nake roƙonka. Garin nan garin soja ne, ga Runduna ta Ɗaya, ga NDA, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri tun 1964, ga Jaji a kan hanyar Zariya. Kada sha'awa ta ja ka ka ɗaga waya a ƙofar bariki ko gefen ayarin soja wai kana ɗaukar hoton taya. Ba za ka sami wanda zai tsaya sauraron bayanin 1/35 ba. Hotunan waɗannan tankoki a gidajen tarihi na duniya sun cika intanet, har da na ƙusa-ƙusa.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaci ne mai ritaya a Malali. Marigayi mahaifinmu ya yi yaƙin basasa, yana yawan ba mu labarin motar sulke Saracen. Na sami kwalin Saladin, an ce mini ƴan gida ɗaya ne. Zai yiwu?

AMSA: Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Ranka ya daɗe, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai rabi ya faɗa. Kamfanin Alvis na birnin Kobantiri a Ingila ne ya ƙera su duka, tayoyi shida-shida, inji iri ɗaya na Rolls-Royce B80. To amma Saladin injinta a baya yake, tana ɗauke da igwa mai milimita 76 a tsakiya. Saracen ta ɗaukar sojoji ce, aka kawo injin gaba domin a sami ƙofofi biyu a baya inda za su riƙa dira. Saboda haka daga kwalinka za ka ci moriyar tayoyi da duk ƙarafan da ke riƙe da su, waɗanda dama su ne masu wuyar yi da hannu, amma ɗakin sama gaba ɗaya sabo za ka gina.

Yana yiwuwa, domin jikin Saracen shafaffun faranti ne, ba lanƙwasa irin ta kan T-55. Fara yanka kowane bango da kwalin sukari, ka haɗa da salatif, ka ɗora a kan tayoyin ka duba ta kowace kusurwa. Sai kwali ya zauna daidai sannan ka kwafa a roba mai kaurin milimita ɗaya. Ba a yanka ta har ƙasa: ja reza sau biyu ko uku a jikin rular ƙarfe, ka lanƙwasa, za ta ɓalle tsaf. Sa ƴan ginshiƙai ta ciki don kada zafin watan Afrilu ya karkatar da bangon.

Sai dai in wannan ne aikinka na farko, Alhaji, ni da ƙaramar motar sulken nan Ferret zan ce ka fara, wadda ita ma ta yi wannan yaƙi na 1967 zuwa 1970 tare da Saladin. Kamfanin Airfix na da ita a 1/35. Mk 2 tana da ɗan ƙaramin kai mai bindiga, Mk 1 buɗaɗɗiya ce ba kai. Hannu zai faɗa a kanta kafin a tunkari ta baba. Ita Saladin ɗin kuma a adana ta cikin kwalinta, nesa da taga.

TAMBAYA: Ɗana ya gama gyara tankarsa, ya shafa fenti, sai jikin ya yi laushi ya tattare. Yanzu kuka yake ta yi. Me ya jawo? Daga wata uwa a Rigasa.

AMSA: Hajiya, a tambaye shi da me ya sirka fentin. Na tabbata tinar masu fentin mota ce, ita kuwa cinye folistarin take yi. Inda ya tattare a bar shi ya bushe sarai, kamar mako guda, a goge da samfefa mai laushi da ruwa, in ya yi rami a cike da sufa gulu da ɗan garin soda na yin burodi. In wajen ya ƙi gyaruwa, ya ɗora jakunkuna ko tamfol a kai. Nan gaba ya nemi fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa, ya shafa siriri-siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Kuma in hunturu ya kama, da ya gama shafawa ya kifa roba ko kwali a kai, in ba haka ba ƙurar Rigasa za ta manne a jiki kafin ya bushe. A gaya masa in ji ni ya share hawaye, ya aiko mana da hotonta in ta kammala.