Tambayoyinku: Wai da gaske man kanumfari na hana kek yin funfuna?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ina yin kek da dakuwa ina kaiwa shaguna, to tunda daminar nan ta kankama wallahi kek ɗin ba ya kwana uku sai ki ga funfuna ta feso masa kore-kore a cikin ledar, satin da ya wuce wani mai shago guda ashirin ya dawo min da su, ko uwar kuɗi ban fitar ba. Shi ne na ga wata a TikTok tana cewa in aka ɗiga man kanumfari ko man kirfa a kwaɓin ba zai taɓa yin funfuna ba. Gaskiya ne ko neman mabiya kawai take? Sannan gyaɗar da nake dakuwa da ita in ta ɗan yi funfuna zan iya zuba mata man ya kashe? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Maganar tata akwai ƙamshin gaskiya, zuzutawa ce dai ta yi yawa.

Kin san yadda harshe yake mutuwa in kika tauna kanumfari, har iyayenmu suke cusa shi a kogon haƙori mai ciwo? Wani sinadari ne mai suna eugenol yake wannan aikin, kuma shi ya fi yawa a man, sama da kashi 70 cikin 100. In ya haɗu da funfuna yana lalata fatar ƙwayoyinta ne ta kasa yaɗo. Kirfa ma tana da nata, cinnamaldehyde, har daidoyar da muke sawa a miya akwai irin wannan ƙarfin a man da ke cikinta. A ɗakin gwaji an tabbatar da haka.

Amma kek ɗinki ba farantin gwaji ba ne. Bota da ƙwai da fulawa suna shanye man su rage masa kaifi, zafin gashi kuma ya kori wani ya bi iska, to kafin ki zuba adadin da zai yi aiki da gaske kek ɗin ya koma ɗanɗanon maganin haƙori, kuma ba yaron da zai ba da kuɗinsa ya sake saya. Ƙamshin da man ke fitarwa a rufaffen wuri ya fi aiki a kan zuba shi a kwaɓi, don ita funfuna a saman abinci take fara zama. In kina son gwadawa ki ɗiga ɗigo biyu a auduga ki liƙa a cikin murfin bokitin da kike jera kek, kar ya taɓa shi. Jinkirta ta zai yi, ba hana ta har abada ba. Kuma don Allah ba irin na 'yan turare da ake ɗigawa a na'urar ƙamshin ɗaki ba, wannan ba na ci ba ne, sannan ki ɓoye kwalbar, yaro in ya kurɓi zallar man kanumfari yana iya taɓa masa hanta.

Ni dai zargina yana kan ledar. Yawancinmu saurin kai kaya shago yana sa mu ƙulle kek da sauran ɗuminsa, ki duba da kyau za ki ga leda ta yi gumi ta ciki, wannan raɓar ita ce abincin funfuna. Ki bar shi ya huce sarai a kan raga, ki rage yawan da kike kaiwa a damina, gara ki yi sawu biyu a sati.

Batun gyaɗa kuma a'a, babbar a'a ma. Funfunar gyaɗa da masara, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, tana barin guba mai suna aflatoxin, ko man ya kashe funfunar gubar na nan daram, suyar da kike yi ma ba ta kawar da ita. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa daga Brazil, daga nan aka gano gubar. A Kenya kuma a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓace da ita. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru na cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, ga shi masu sayen dakuwa yawanci yara ne.

Ki baza gyaɗar a faifai ki tsince duk wadda ta yamushe ko ta canza kala ko ta fashe, ki zubar, kar ma ki ba dabbobi don gubar na fitowa a nonon saniya. In za ki auna a kasuwa ki tauna ɗaya, in ba ta ce ƙas ba ba ta bushe ba, ki matsa gaba wajen wani mai gyaɗar.