Fentin mota ya dushe: a kai ta folish ko a sake feshi?

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, saƙonnin da ke shigo mini sun koma kusan duka kan fenti. Na tsamo guda biyar, na taƙaita su, ga kuma abin da na sani a kansu.

Wani malamin makaranta daga Rijiyar Zaki ya rubuto: "Ina da Toyota Corolla baƙa, ƙirar 2010, a waje take kwana, a rana take wuni. Yanzu ba ta sheƙi, in rana ta haska ta sai ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, samanta kuma ya fara fari-fari. Mai folish ya ce zai mayar mini da ita sabuwa, mai fenti ya ce sai an sake feshi. Wa zan bi?"

Malam, ina kyautata zaton kowannensu ya faɗi gaskiya, amma a kan ɓangare daban na motar. Fentin da ka gani a jikinta hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, sai firama, sai launin kansa, sannan a sama a fesa wani ruwa garai-garai da masu fenti ke kira kiliya. Wannan kiliyar ita ce sheƙin, ita ce kuma ke tare wa launin zafin rana. Dukkansu in an haɗa, a fentin kamfani, kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ka ɗauki farar takardar da kake buga jarrabawa a kanta, kaurinta wajen maikuron 100 ne. Kiliyar ita kaɗai ba ta kai rabin takardar nan ba. Abin da muke ta magana a kansa ke nan.

Folish kuwa ba ya ƙara komai a jikin mota, ci yake yi. Man da ake shafawa yana ɗauke da ƙananan ɓarɓashi masu kankare saman kiliyar har ta yi daidai da gindin zanen, sai haske ya daina watsewa, ido ya ga sheƙi. Duk folish ɗaya, kiliya ta ragu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum yana alfahari wai duk wata yake kai motarsa a sa mata inji.

Ga gwajin da za ka yi da kanka kafin ka ba kowa kuɗi. Ka wanke ƙofa ɗaya, ka zuba mata ruwa. In zanen ya ɓace yayin da take jiƙe, ya dawo bayan ta bushe, to a kan kiliya ya tsaya, folish zai ɗauke shi. Inda ka ga zane mai zurfi, ka ja farcenka a kai a hankali: in farcen ya maƙale, ya yi nisa, folish zai rage masa muni ne kawai. In kana hango toka-toka ko ƙarfe a gindinsa, wannan sai fenti, kuma kada ka bari damina ta same shi a buɗe.

Saman motar ne ya fi damuna. Ka hau kan benci ka duba da kyau. In farin nan yana da baki-baki kamar taswira, ko yana ɓarewa kamar fatar albasa in ka taɓa, kiliyar ce ta mutu, rana ta gama da ita. Babu man da zai tashe ta. Mai folish zai iya shafe wurin ya yi maka duhu ka tafi kana murna, mako biyu ya dawo, wani lokacin ya fi da faɗi. Don haka shawarata a raba aikin: saman motar, da bonet in shi ma ya kamu, a sake musu feshi, ƙofofi da madigadi a yi musu folish a bar su da fentinsu na kamfani. Fentin kamfani an gasa shi ne tun motar tana ƙarfe zalla, da zafin da ba za a iya yi wa motar da ke da roba da wayoyi da kujeru ba, shi ya sa ba a rabuwa da shi sai dole. Ranar da za ka sayar ma, dillali zai fi ganin darajarta.

In ka je wurin mai folish, kada ka ajiye mukulli ka tafi. Ka ce ya yi maka gwaji a wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya fara da man da ya fi laushi, sai in bai yi ba a koma mai kaushi. Ka lura ko ya wanke motar tukuna, ko sosonsa mai tsabta ne, ko ya manna tef a kan roba da gefuna. Ni kaina na taɓa kai tawa wani wuri na tafi sallar Azahar. Kafin in dawo yaron ya danna inji a kan kaifin but, inda fenti ya fi siranta, wurin ya yi zafi ya ƙone, sai ga firama tsirara, layi guda kamar tsawon yatsa. Garin neman gira aka rasa ido, ƙarshenta sai da aka fesa but ɗin gaba ɗaya. Wanda ya ɗauko samfefa ya nufi motarka kuma, ka tambaye shi lambarta. Ta wannan aikin 2000 ce ko 3000, a jiƙe da ruwa, a hannun wanda ya daɗe yana yi. Bayan an yi feshi, ka bar sabon fentin ya sha iska aƙalla wata guda kafin a shafa masa wakis, wato man kakin da ke kare fenti.

Lambar launin motarka tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR. Baƙin Toyota da aka fi sani 202 ne, fari 040, ruwan azurfa 1F7. Ka ba mai haɗa fenti lambar, amma ka nemi ya fesa a ɗan ƙarfe a kara da ƙofa a cikin rana, domin fentin da ya shekara goma yana shan ranar Kano ba zai zo daidai da na gwangwani ba sai an ɗan gyara.

Wata Hajiya daga Tarauni ta ce: "Maigadinmu yana da ƙoƙari, kullum da asuba yake goge mini mota da tsumma, ranar Asabar ya wanke ta da omo. Amma ina ganin kullum dushewa take yi. Wane man folish zan saya?"

Hajiya, ki ajiye kuɗin man tukuna, domin ciwon yana hannun bawan Allahn nan, shi kuma bai sani ba. Ƙurar hunturun da ke sauka a kan motarki daga Sahara take, yawancinta daga kwarin Bodele a Chadi, kuma duk laushinta a ido, ɓarɓashin ƙasa ne mai kaifi. In aka bi ta da busasshen tsumma, samfefa aka yi wa motar, kullum, kwana bakwai a mako. Omo da sabulun wanke-wanke kuma an yi su ne don su cire maiƙo, sai su tafi da wakis ɗin da ke kare fentin, su busar da robar gilashi.

Abin da za ki saya kaɗan ne: sabulun ruwa na wankin mota, bokiti biyu, da tawul mai laushi irin na maikurofaiba guda uku ko huɗu. A shagunan kayan mota na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa za a samu. Ki zaunar da shi ki nuna masa da kanki, cikin mutunci, don ba da gangan yake yi ba. A fara kwara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tawul duk bayan shafa. Daga sama zuwa ƙasa, tayoyi a ƙarshe da nasu tsumman daban. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar. Ranar da babu ruwa, a bar ta da ƙurarta, a goge gilashi kawai. Na san ba daɗi mace ta fita unguwa da mota buɗu-buɗu, amma ƙurar da ke zaune ba ta yanka fenti, wadda aka ja ce ke yankawa.

Kada a wanke ta da tsakar rana ƙarfe na zafi. Ruwan burtsatse da na 'yan garuwa in ya bushe a jiki yakan bar farin tabo, zafi kuma ya kafa shi. Inuwar darbejiya ta fi rana, sai dai kashin tsuntsu da na jemage yana cin kiliya cikin ɗan lokaci in rana ta gasa shi, don haka da an gani a ɗora jiƙaƙƙen tawul ya yi laushi, a ɗauke, ban da kankarewa. Rigar mota ma tana da amfani, amma a kan wankakkiyar mota. In aka lulluɓa ta a kan ƙura iska na kaɗa ta, ita ma gogewa take yi.

Wani matashi daga Hotoro ya tambaya ko siramik da yake gani ana talla a Instagram ya cancanci kuɗinsa, don an ce masa ko ƙusa ba ta karce shi.

Ƙanena, maganar ƙusa ka watsar da ita. Siramik ruwa ne mai sinadarin silika da ake shafawa ya daskare a kan kiliya, siririn gaske. Yana sa ruwa ya zame, datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, kuma in na ƙwarai ne aka kula da shi yakan kai shekara biyu ko fi. Wakis a zafinmu da wuya ya wuce wata biyu zuwa uku. Amma mukullin yaro ko madubin babur duk za su karce shi. Yawancin kuɗin aikin ma na shiri ne, domin sai an wanke, an cire duk abin da ya manne, an yi folish, sannan a shafa a rufaffen wuri marar ƙura. In an ce za a yi maka a bakin titi cikin awa ɗaya da araha, na fesawa ne mai 'yan watanni aka sa wa babban suna. In motarka sabuwa ce kuma kana da niyyar daɗewa da ita, ka yi. In tsohuwa ce, ka riƙe wakis sau huɗu a shekara, ragowar kuɗin ka kafa mata rumfar kwano a ƙofar gida. Masu shafa baƙin mai ko gas don mota ta yi ƙyalli ranar ɗaurin aure kuwa, ƙura suke gayyata, robar ma lalacewa take yi.

Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai sayi Honda Accord 'yar Beljiyam, dillali ya rantse masa fentinta na asali ne, yana son ya tabbatar.

Alhaji, gani ya kori ji. Ka je da rana, ban da bayan Magariba a ƙarƙashin fitila, kuma kada a nuna maka ita a jiƙe, ruwa yana ɓoye aibi. Ka tsaya daga gefen fitilar gaba ka kalli tsawon jikin a karkace: ƙofar da aka fesa takan bambanta da maƙwabciyarta a launi ko a santsi, wani lokacin ka ga gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Ka ɗaga robar gilashi da ta ƙofa ka duba ko feshi ya taɓa su. Ka buɗe bonet ka kalli notunan madigadi, in fentin kansu ya ɓare, sifana ta taɓa hawa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu marar ƙarfi a nannaɗe cikin hankici, inda ya ƙi kamawa alhali ya kama a kusa, akwai fila a ƙasa, wato abin da ake cike loɓa da shi kafin feshi. Bamba roba ce, ba za ta kama ba dama. In kana da makaniken da ke da na'urar auna kaurin fenti, ka biya shi ya raka ka, inda ta nuna maikuron 300 ko sama alhali sauran jikin na wajen 120, an yi aiki a wurin. Fesa ƙofa ɗaya ba abin gudu ba ne, ka nemi ragi kawai. Abin gudu shi ne ka ga alamar walda ko lanƙwasa a ƙarfen da ke riƙe da inji da ginshiƙan ƙofa.

Ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Gyaɗi-Gyaɗi: Adaidaita Sahu ya goge ta a cunkoson Zoo Road, ya bar mata dogon layi rawaya a farar ƙofa, an ce ta goge da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi.

'Yar'uwa, kada tina ta kusanci ƙofar nan, tana iya dusar da naki fentin tare da nasa. Sau da yawa rawayan a sama yake zaune, fentinsa ne ya manne a kan naki. Ki wanke wurin, ki ɗiga man folish mai ɗan kaushi a tawul mai laushi, ki riƙa gogawa a hankali ta tsawon layin, kina dubawa duk bayan 'yan shafa. In motar tsohuwar farar Toyota ce, kada ki tsorata in kin ga tawul ya ɗan yi fari, da yawa daga cikinsu ba su da kiliya daban, launin ne a sama, sai dai ki sassauta hannu. Bayan rawayan ya fita, ki ja farce a wurin. In bai maƙale ba, ki shafa wakis, an gama. In ƙofar ta loɓa, ki fara neman mai turo loɓa daga ciki ba tare da ya taɓa fenti ba, kafin ki yarda a sa mata fila.