Wane bijimi zan sa wa shanuna?

Tambaya: Malam, ina da shanu 12 jinsin Sanga a wajen Dodowa kusa da Akara a Gana, wasunsu sun tsufa. Ina neman bijimin da zai ba ni karsanun da za su maye gurbinsu. An ce in nemi Firijiyan, jinsin shanun Turai masu yawan nono. Me ka gani? Daga mai karatu a Nima, Akara.

Amsa: Alhaji, ni dai ba zan ba ka shawarar tsantsar Firijiyan ba. Nono kam tana da shi, amma zafin filin Akara yana hana ta cin abinci, kaska da kirci kuma su kayar da ita. Sanga tana da jinin ƙananan shanun gida masu jure sammore, kada ka yar da wannan gado.

In babu tsando, ƙudan da ke kawo sammore, sosai a wurinka, nemi Bokolo ko Bunaji: suna jure rana, suna ƙara girman jiki da nono. In kana da inuwa, dusa da likitan dabbobi a kusa, ruwa-biyun Jasi, wani jinsin shanun nono na Turai, ya isa.

Kafin ka biya, je ka ga uwar bijimin. Duba hantsarta, ka tambayi tazarar haihuwarta. Kuma ka sauya shi kafin 'ya'yansa su isa barbara, kada ya hau su.